Yadda Ake Kafa Bukkar Kwanton Farauta Ta Tafi-Da-Gidanka, Da Yadda Ake Naɗe Ta

Yawancin bukkokin kwanto da na ga sun lalace, ba iska ce ta karya su ba, ba kuma dabba ba. Hannun mai su ne. Ko dai da duku-duku yana sauri ya kafa kafin gari ya waye, ko kuma da almuru ya gaji liƙis yana cusa ta a jaka ta ko wane hali. Ita kuwa wannan bukka ba ta son ƙarfi ko kaɗan. Tsari gare ta. In ka bi tsarin, cikin minti biyu ta tsaya cak. In ka saɓa, sai ka ji ƙas, sanda ta tafi.

Bukkar da nake nufi ita ce ɗan tantin nan mai zanen ganye da rassa, wanda mafarauci ke goyawa a baya, ya kafa a ƙasa, ya shiga ya zauna yana dakon dabba. Masu ɗaukar hoton namun daji ma da ita suke aiki, kuma duk abin da zan faɗa ya shafe su, ban da maganar harbi.

Fara sanin irin taka

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai cibiya. A tsakiyar kowane bango da tsakiyar rufi akwai wani dunƙule da sanduna huɗu na faiba (zaren gilashi da aka haɗa da roba) ke haɗuwa a cikinsa, shi nake kira cibiya. Mai bango huɗu tana da cibiya biyar ke nan, har da ta rufi. A jikin kowace daga waje akwai madauki ko ɗan zobe da ake ja. Irin wannan ta fi faɗi, ta fi tsayuwa a iska, ta kuma fi nauyi. Kamfanoni irin su Primos da Barronett da Ameristep duk suna yin ta.

Sai mai sifirin, wadda aka zagaye kowane bangonta da siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa. Ana naɗe ta ta koma zobe kamar faifai, in aka sake ta kuma ta buɗe da kanta. Ba ta da nauyi, amma naɗinta ne ke sa mutane gumi.

In kana duba kwalin za ka ga an rubuta lamba kamar 150D ko 300D ko 600D. Kaurin zaren yadin ke nan. Mai babbar lamba ta fi jure rana da ƙaya, sai dai kafaɗarka za ta ji a jikinta.

Aikin gida kafin a shiga daji

Kada ranar farauta ta zama ranar da ka fara buɗe ta. Kafa ta a fili da rana tsaka, ka naɗe, ka sake kafawa, har sau huɗu ko biyar, sai hannunka ya haddace inda kowane madauki yake. Daga nan ka gwada sau ɗaya da dare da fitilar goshi kawai, domin a haka za ka riƙa yi.

Sabuwar bukka tana da warin roba da na masana'anta, wanda kai ma kana ji, balle dabbar da hanci ne rayuwarta. Bar ta a kafe a waje a inuwa kwana uku zuwa mako, tagogi a buɗe, iska ta ratsa ta. Nesa da hayaƙin girki, nesa da mai da salansar mota. Kada ka fesa mata turare ko ka wanke ta da sabulu mai ƙamshi wai don ka kashe warin, ƙara wa Borno dawaki ne kawai.

Ka shigar da kujerar da za ka zauna a kai, ka zauna, ka ɗaga makaminka. Mai baka ya ja tsirkiya har ƙarshe ya gani ko kan bakan na taɓa rufi, ko gwiwar hannu na dukan bangon baya. Mai bindiga ya duba tsayin taga da tsayin kujera. Wannan gwajin na minti biyar shi ne ke nuna maka ko kujerar ta yi gajarta.

Turakan da ke zuwa a cikin jaka yawanci sirara ne, ƙasa mai tauri na lanƙwasa su, rairayi kuma ba ya riƙe su. Nemi masu kauri, dogaye, guda takwas ko fiye. Haɗa da igiya ta ƙari, ƙaramar guduma, almakashin yankan reshe, da safar hannu.

Zaɓen wuri, inda rabin aikin yake

A nan nake so ka daɗe, domin bukkar da aka kafa da kyau a mugun wuri ba ta da wani amfani.

Abu na farko sawu. Nemi turbar da dabbobi ke bi, inda ka ga sabon sawu da kashi, ko hanyar mashaya, ko bakin wurin kiwonsu. Kada ka kafa a kan turbar. Ja gefe. Mai baka yana son tazarar kamar mita 15 zuwa 25, mai bindiga kuwa zai iya ja baya sosai, kuma gara ya ja.

Na biyu iska, kuma ita ce uwa uba. Bukka tana ɓoye jikinka, tana rage warinka, amma ba ta kashe shi. Dole iska ta riƙa tasowa daga wajen dabba tana zuwa gare ka, ko ta ratsa a gicciye ta wuce da warinka inda ba ka sa ran komai. Debi busasshiyar ƙasa mai laushi ko toka ka saki daga tsayin kafaɗa ka ga inda ta nufa. Yi haka a daidai wurin da za ka zauna, ba a inda ka ajiye abin hawa ba, don tudu da kwari da itatuwa suna juya iska. A wuri mai gangara akwai ƙarin abu: da safe idan rana ta ɗumama ƙasa iska na hawa tudu, da yamma idan ta huce sai ta gangaro kwari. Wurin da ya yi maka daidai da hantsi zai iya tona maka asiri da la'asar sakaliya.

Na uku rana. Ka so ta kasance a bayanka ko a gefe. Idan ta hasko kai tsaye ta tagar gaba, cikin bukkar ya haskaka, duk motsinka a fili yake, kai kuma ido na ƙyalli ba ka gani. Tuna inda za ta kasance a lokacin da za ka zauna, ba inda take yanzu ba.

Na huɗu abin da ke bayanka. Bukka a tsakiyar fili ko a kan tudu, sararin sama a bayanta, kamar akwati take da aka ajiye. Jingina ta da kurmi, ko gindin babban itace, ko ka cusa ta cikin inuwa. Ka ɗaga kai kuma ka duba sama: kada ka zauna ƙarƙashin busasshen reshe, kada ka kafa a kwarin da ruwa ke bi.

Na ƙarshe, hanyar shigarka. In sai ka tsallaka turbar dabbobin kafin ka kai bukka, ka riga ka bar musu saƙo. Ƙofa ta kalli inda za ka fito, ta ba turbar baya.

Kafa mai cibiya

Kafin ka zare ta daga jaka, share wurin. Kwashe busassun ganye da ƙirare da tsakuwa har sai ka ga ƙasa tsura, faɗin bukkar da ɗan ƙari. Mutane na raina wannan. Amma ka zauna awa uku, ƙafa ta yi sanyi, ka ɗan gyara zama, ganye ɗaya ya ce ƙaras a lokacin da barewa ke mita 20, a nan za ka gane. Ganyen da ka share kada ka watsar, tara shi gefe, zai yi amfani.

Zare bukkar, kwance ɗaurin, ka bar ta ta baje. Nemo rufin. Buɗe zif ɗin ƙofa tukuna, domin idan yana rufe yadin na ɗaurewa, kuma duk ƙarfin buɗewar a kan haƙoran zif yake sauka. Duba madaukan cibiyoyi, ka tabbata duk suna fuskantar waje. In ka ga ɗaya yana ciki, tsaya, bukkar ta juye, za mu zo kan wannan.

Kama madaukin rufi, ka dafe gefen rufin da ɗaya hannun, ka ja sama da ja ɗaya mai nauyi, ba fizga ba. Za ka ji ɓas, rufin ya yi tozo. Sai bango. Taka ƙasan yadin bangon da ƙafa, riƙe bakin rufi da hannu ɗaya, ja madaukin zuwa kanka da ɗayan. Ya buɗe, ka zagaya na gaba, har huɗun su cika. Na ƙarshe ya fi tauri saboda sauran sun riga sun ja yadin, wannan ba matsala ba ce. Wasu kamfanonin suna cewa a fara da bangaye a ƙare da rufi. In takardar taka ta ce haka, bi ta, su suka ɗinka abarsu. Abin da ba ya canzawa shi ne: cibiyar da ta ƙi buɗuwa da matsakaicin ja, akwai abin da ya riƙe ta. Saki ka duba. Yawanci sanda ce ta zame daga aljihunta na kusurwa, ko yadi ya naɗe a kan wata.

Idan akwai iska, kafa turke ɗaya ko biyu a gefen da take bugowa tun kafin ka buɗe bangaye. Bukkar da ta buɗe ba turke, lema ce, iska na ɗauka.

Yanzu ɗaga ta daga ciki ka juya har tagar da za ka yi harbi ta fuskanci inda kake so. Zauna a kujera ka leƙa kafin ka buga komai. Ya yi? To rufe zif ɗin ƙofa, sannan ka buga turakan kusurwa. Dalilin rufewar: in ka ja kusurwoyi ƙofa na buɗe, za ka iya buɗa ta fiye da kima, zif ya ƙi haɗuwa, ka yi ta ja har ya tsage. Turke a karkace ake buga shi, kansa na kallon nesa da bukka, tsininsa na nufar ƙarƙashinta. Naɗa tsumma a kan guduma don rage ƙara.

Sai igiyoyi. Ɗaura ɗaya a madaukin kowace cibiyar bango, ka ja ta waje ka ɗaure a turke ko a gindin itace. Da yawa suna tsallake wannan, alhali ita ce ke hana iska turo bango ciki. Bangon da ya faɗo maka a ka kana zaune, da ƙarar da zai yi, ya kori duk abin da ke kusa.

Mai sifirin kuwa kafa ta ba wuya. Riƙe zoben nesa da fuska, zare madaurin, ka bar shi ya warware a hannunka a hankali, kada ka jefar. Buɗe bangayen kamar littafi, ka ja kusurwar da ke ciki waje. In tana da sandunan rufi, zura su a gicciye. Turaka da igiya kamar dai ɗayar.

Sajewa da daji

Zanen ganyen da ke jikin yadi bai isa ba. Abin da ke tsorata dabba shi ne siffar: layin rufi miƙaƙƙe, kusurwa huɗu, da baƙaƙen ramukan tagogi. Yawancin bukkoki suna da madaukai a jiki don soka rassa. Yi amfani da irin tsiron da ke wurin, ka fi ba rufi da kusurwoyi ƙarfi har layinsu ya ɓace. Ganyen da ka share ɗazu ka tura shi gindin bangaye daga waje, yana toshe haske da wari. Kada ka ɗora reshe mai nauyi a rufi, kada ka bar wanda zai riƙa gogar yadi in iska ta kaɗa, kuma ka tabbata an yarda a yanki reshe a wurin. Ka gama, taka zuwa turbar, ka durƙusa daidai tsayin idon dabba ka kalli aikinka. Abin da za ka gani daga can ya bambanta da na tsaye kusa.

Dabbobi ba ɗaya suke ba. Talo-talon daji na Amurka ta Arewa an san shi da rashin damuwa da bukka, ko a fili aka kafa ta ranar. Dangin barewa kuwa sun san dajinsu kamar yadda ka san ɗakinka. Na taɓa kafa bukka da asuba na zauna a ranar. Wata barewa ta fito, ta yi taku uku, ta tsaya cik. Ta miƙa wuya, kunnuwa a tsaye, ta buga ƙafar gaba a ƙasa sau biyu, ta yi huci, ta juya. Iska na wajena, ban motsa ba, baƙon abu kawai ta gani. In doka da tsaron wurin sun ba ka dama, kafa ta mako ɗaya ko biyu kafin ka zauna, su saba da ita.

Zama a ciki

Cikin bukka baƙi ne da gangan, don ka ɓace a duhunsa. Sa baƙar riga, ka rufe fuska da hannu. Buɗe tagogin gaba kawai, su ma daidai buƙata, na baya su zauna a rufe ruf. In ka buɗe gaba da baya, haske ya ratsa, inuwar kanka ta fito ƙarara. Ja kujera baya, kada ka manne da taga. Tagogi masu zif ko Velcro, wato maɗaurin nan mai mannewa da ake ɓamɓarewa, ka daidaita su tun da ka shiga, don ƙarar ɓamɓare Velcro a daji shiru tana kai nesa.

Ragar da ke wasu tagogi an yi ta ne kibiya ta ratsa, amma kibiya mai kafaffen kai. Mai kan da ke buɗewa in ta bugi abu za ta iya buɗewa a jikin ragar ta kauce. Bindiga kuwa ba a harba ta ta cikin raga, wutar bakinta na ƙona ta. Mai madubin saiti ya kula ƙwarai: madubin na sama da bakin bindiga, sai ka ga dabba tas a madubi alhali bakin na kallon yadin ƙasan taga.

Abu biyu kuma da suka shafi rai. Bukka na ɓoye ka daga sauran mafarauta ma. A jihar Wiskonsin ta Amurka, doka ta ce bukkar ƙasa a filayen hukuma lokacin farautar barewa da bindiga sai an sa mata ƙyalle mai ruwan lemo mai haske, aƙalla inci murabba'i 144, wato kamar santimita 30 a kowane gefe, wanda ake gani ta ko'ina. Ko dokar wurinku ba ta ce ba, in akwai masu bindiga a dajin, ɗora shi. Barewa ba ta rarrabe wannan launin kamar yadda mutum ke yi. Na biyu, kada ka kunna gawayi ko abin ɗumama mai gas a rufaffiyar bukka. Iskar kabon monoksaid, gubar da suke fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai za ka ji yana ɗaukarka. Sannan ka san dokar farauta ta inda kake, lasisi da lokaci da dabbar da aka hana, tun kafin ka ɗauki jaka.

In za ka bar ta kwanaki, rufe tagogi, ka tokare cibiyar rufi daga ciki da sanda mai tsayi daidai. Ruwan sama ko dusar ƙanƙara in suka taru suna danna rufin ya juye ciki, sanduna su karye. Ranar da ka dawo, buɗe ƙofa ka haska ko'ina kafin ka sa ƙafa. Maciji da kunama da zirnaƙo duk suna son irin wannan inuwar.

Naɗe mai cibiya

Fitar da komai, har da ɗan abin da ka sa a aljihun bango. Zare rassan da ka soka ɗaya bayan ɗaya, kada ka fizge, ƙaya na yaga yadi. Rufe tagogi, buɗe ƙofa. Kwance igiyoyi ka naɗe kowace a hannu ka ɗaure, don igiyar da aka bari tana lilo ita ce ke sarƙe sanduna a jaka. Cire turaka, na gefen iska a ƙarshe, ka ƙirga su, ka goge ƙasar jikinsu, su shiga 'yar jakarsu daban. Turke tsirara a cikin yadi huda yake yi.

Sai ka bi tsarin kafawa a juye. Tura cibiyar kowane bango ciki da tafin hannu, ba da yatsu a kusa da sanduna ba, suna matsewa. Rufi a ƙarshe, ka danna shi ƙasa. Yanzu tattaro kusurwoyin sama wuri ɗaya. In ka yi daidai, cibiyoyi biyar za su taru a ƙasa gefe guda, bakunan sanduna su taru a sama, kamar lema a rufe. Wannan ita ce alamar. In ka ga cibiya huɗu a ƙasa ɗaya a sama, kada ka ɗaure, sake buɗewa. Kwantar da ita, tura yadin da ya fito tsakanin sanduna, mirgina ta kana matse iska, ɗaure da madauri, ka zura ta jaka ta gefen cibiyoyi.

In kuwa ta riga ta sarƙe, ko wani ya ara ya dawo maka da ita a juye, baje ta a fili ka nemo rufi, ka ɗaga shi sama. Bi bangaye ɗaya-ɗaya ka ga wanda madaukinsa ke kallon ciki. Wannan bangon ne ya ratsa ta tsakanin 'yan'uwansa. Buɗe ƙofa gaba ɗaya don yadi ya saki, ka mayar da shi ta hanyar da ya bi ya shigo. Mutum biyu sun fi sauƙi, ɗaya na riƙe da rufi. Sandar da ta tsage kuwa ka sa safar hannu kafin ka taɓa, silin faiba in ya shiga fata fitarsa aiki ne. Ana canza sanda ɗaya, ba sai an yar da bukka ba.

Naɗe mai sifirin

Zare sandunan rufi. Tura kusurwa ɗaya ciki har ta haɗu da ta gabanta, sannan ka ninke kamar littafi, bangaye huɗu su kwanta a kan juna su zama fale ɗaya. Cusa yadin rufi a tsakaninsu. Tsayar da falen, ka tokare ƙasansa da ƙafa. Kama samansa da hannu biyu ka lanƙwaso shi gaba zuwa ƙasa, kana tura shi ciki wajen ƙafafunka. Za ka ga zobe biyu sun kumburo, ɗaya dama ɗaya hagu. Kwantar da ɗaya, ka ɗora ɗayan a kansa. Sun zama zobe uku a jere a kan juna. Danne da gwiwa, gyara su su daidaita, sa madauri. Ƙarfen da kansa yake son komawa haka, in ka ji kana kokawa da shi to ka karkace, saki ya buɗe ka sake. In ka tilasta har ƙarfen ya yi gwiwa, ba ya miƙewa kuma.

Bayan an dawo

Raɓa kaɗai ta isa ta jiƙa bukka. Wata shekara ruwa ya kama ni, na naɗe tawa jiƙe da niyyar shanyawa washegari, sha'ani ya sha kaina. Da na buɗe bayan mako biyu, baƙin ɗigon funfuna ya bi ɗinkin rufi gaba ɗaya, warin kuwa har yau in ta ji damshi yana tasowa. Don haka a ranar da ka dawo, ko kashegari, kafa ta a inuwa mai iska, tagogi a buɗe, sai ta bushe ƙayau har cikin ɗinki da aljihunan kusurwa. Kada ka bar ta kwanaki a rana, rana na cin launin yadin tana busar da zarensa.

Goge laka da burushi mai laushi da ruwa zalla. Goga kyandir marar ƙamshi a haƙoran zif. Ƙaramar huda ka like ta yanzu da facin tanti ta ciki, kafin iska ta faɗaɗa ta. Duba kusoshin cibiyoyi, wanda ya saki ka ɗaure. Sannan ka rataye jakar sama, ko ka sa ta a rufaffen akwati, a wuri busasshe nesa da fetur da fenti, domin ɓera na son yadin nan ya yi sheƙa da shi, kuma ta kusurwar jaka yake fara ci.